Yatsan Baffa Tukur

A Gafasa, ta ƙasar Ajingi, kowa ya san Baffa Tukur yana da ɗa a gabas, amma babu mai cewa ya taɓa jin maganar daga bakinsa. Abdulsalam ne ɗansa na fari, su kuwa Fulanin gidansu sun riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Uba ba ya kiran sunan ɗan, ba ya ɗaukarsa, ba ya zama inda ake zancensa. Tun da aka yaye yaron aka miƙa shi ga Gaji, ƙanwar Tukur, ita ta raine shi har ya yi gemu. In larura ta kama, sai Tukur ya ce "wancan". Bayan yaron ya bar gari sai ya koma "mutumin gabas", kamar wani baƙo da suka taɓa haɗuwa a kasuwa.

Wanda bai san Tukur ba zai ce zuciyarsa dutse ce, kuma ya yi kuskure. Shekara goma sha bakwai kafin farin 1972, Abdulsalam ya sayar da karsana biyu daga garke ba tare da ya tambayi kowa ba, ya shiga ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Ranar tafiyar duk gari ya raka shi har bakin hanya, ban da ubansa, wanda ya kora shanu daji tun hantsi bai yi ba. Abin da babu wanda ya gani shi ne, Tukur ya tsaya a bayan wata kuka a kan tudu, yana kallon ayarin har ya ɓace. Karsanan kuwa, kafin mako ya zagayo ya manta da su. Amma yaron ya tafi da zaton fushinsu ne ya hana ubansa fitowa, kuma babu wanda ya cire masa wannan zaton.

Ya yi aikin hajji, a hanyar dawowa ya tsaya a Sudan cikin 'yan uwansa takari, mutanen ƙasarmu da suka zauna can, ya kama noman auduga, ya yi aure. Sau ɗaya ko biyu a shekara wasiƙarsa takan zo da ajami, a kan sunan Goggo Gaji. Malam Inuwa, malamin yaƙi da jahilci na garin, shi ke karanta mata a zaure. Duk ranar da wasiƙa ta zo kuwa, sai a ga Tukur ya zauna a bayan zanar zauren yana tufka igiya. Ba sauraro yake ba, Allah ya kiyaye, inuwar wurin ce ta fi daɗi. A duk Gafasa babu igiyar da ta daɗe ana tufkarta kamar wannan.

A kakar 1972 hatsi bai yi ba, cikin rijiyoyin gari uku, biyu suka ƙafe tun kafin a gama yankan dawa. Cikin wannan hali wasiƙa ta zo. Abdulsalam ya ce labarin fari ya iske su, mutanen ƙasar Gaya da ke can sun haɗa gudummawa don a haƙa wa Gafasa rijiya mai zurfi, irin wadda ake ɗaure ta da siminti. Sai dai ba za su damƙa wa kowa a hannu ba, domin an taɓa ba wani matafiyi irin wannan saƙo, har yau ana jiran isowarsa. Banki kuma ba ya tura kuɗin jama'a zuwa wata ƙasa sai ga ƙungiyar da hukuma ta sani. Saboda haka a kafa ƙungiya, a yi mata rajista, a zaɓi amintattu biyar da za su tsaya mata. Daga nan ya zo kan abin da ya sa hannun Tukur ya tsaya a kan igiya.

"Ina roƙo Baffa ya zama na farkon amintattun," Malam Inuwa ya karanta. "Ranar da na ga takardar rajista, zan kama hanya da kaina, in zo a fara haƙa a gabana."

Tukur ya ji kamar ya tashi ya zagayo ya ce a maimaita. Bai tashi ba. Amma a ranar sau biyu ya zuba wa saniya ɗaya dusa, ya manta da ta kusa da ita. Ba rijiyar ce ta cika masa zuciya ba, ko da yake shi ma ƙishirwa ba ta bar shanunsa ba. Yana so ya ga ɗansa kafin ya mutu, yana so kuma ɗan ya san babu komai tsakaninsu.

Bayan kwana biyu aka taru a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa Datti. Malam Inuwa ya riga ya hau keke ya je Gaya ya tambayo yadda ake yi, ya dawo da bayani cike da baki. Takardun sai sun je Ikko. Ana son tsarin ƙungiya a rubuce, da hatimi, da rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida, sannan a jira kwana ashirin da takwas ko wani zai ce bai yarda ba. Aka raɗa mata suna Ƙungiyar Taimakon Kai da Kai ta Gafasa. Sai aka zo kan sunaye.

"Baffa, kai wasiƙa ta ambata a layin farko," in ji Malam Inuwa.

"Wace wasiƙar?" Tukur ya tambaya, yana kallon ƙasa.

"Ta gabas."

"Ai ba gabas ce za ta sha ruwan ba. Ga Kawu zaune, sai a tsallake shi a rubuta ni? Malam, ka rufa mini asiri."

Dattawa suka gyaɗa kai, aka ce haka ne. Kowa a wurin ya san ba Kawu ne dalili ba. Dalilin shi ne, mutum irin Tukur ba zai miƙa yatsa a gaban jama'a don ɗansa na fari ya ce ya miƙa ba, kuma ba zai bari a gan shi a sahun gaba wajen karɓar abin da ya fito daga hannun ɗan ba. Da ya yi saurin cewa to, su ɗin da suke zaune su za su fara tsegumin cewa tsufa ya ci masa kunya. Malam Inuwa ya ce to ko a layi na biyar ne a sa shi. Tukur ya ce ga liman, ga sarkin noma, gari bai rasa manya ba.

"Ku dai ku sani Ikko ba furfura take dubawa ba," in ji Malam Inuwa. "Mai ƙafar zirga-zirga take so."

Aka yi dariya, aka ce boko ya ɓata Malam, aka sa Kawu a layin farko. Kawu Bubayero, ƙanin mahaifiyar Tukur, ya kusa casa'in, ido ya tafi, kunne ma yana sallama. Da aka kama hannunsa za a dangwala masa tawada sai ya fizge, ya tambaya ko jangali ne aka sake ƙarawa. Sai da aka rantse masa babu ruwan takardar da ƙidayar shanu ya saki yatsan.

Malam Inuwa ya yi ta faman hanya. Gaya, Kano, Gaya, Kano, har tayar kekensa ta gaji da faci. Aka sassaƙa hatimi, aka yi rantsuwa, aka buga sanarwa, ya sayo jaridar ya zo ya nuna wa gari sunansu a rubuce. Don murna, kafin Ikko ta ce komai, ya kwafe sunayen biyar ya aika Sudan, a ga cewa ba a kwance ake ba. Tukur kuwa ya fara gyara ɗakin da ke kusa da na Gaji, ya ce na ajiye harawa ne, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin an yi wa ɗakin harawa daɓe.

Sai cikin bazara ambulan ya dawo daga Ikko, kuma ba satifiket ɗin rajista ba ne a ciki. Takardun ne aka maido. An zagaye yatsan amintaccen farko da jan alƙalami, an ce bai fito ba, a sake dangwalawa. Gaskiyarsu, yatsan da ya shekara tamanin yana jan guga da tatsar nono ba shi da sauran zane, dunƙulen baƙi ne kawai ya bari a takarda. Amma sakewar ba ta yiwu ba, domin kwana tara ke nan da aka kai Kawu Bubayero makwancinsa. Malam Inuwa ya koma Gaya ya tambaya, aka ce masa tunda na farko ya rasu kafin a sa hatimin hukuma, sai sabon zama, sabuwar rantsuwa, sabuwar sanarwa. Aikin wata shida ya tashi a banza.

A wannan makon wasiƙa ta biyu ta zo. Tukur ya ɗauki igiyarsa ya zauna a wurinsa. Bayan gaisuwa, Malam Inuwa ya yi gyaran murya, ya karanta a hankali fiye da yadda ya saba.

"Na ga sunaye biyar, na karanta sau da yawa, ban ga na Baffa ba. Na san kunya, ban manta da gida ba. Amma wannan ba kiran sunana ba ne, yatsa ne a takarda don ruwan jama'a. Goggo, kullum kina aiko mini cewa ba ya fushi da ni, na san don ki kwantar mini da hankali ne. Yanzu na gane maganar karsanan nan tana nan. Ku roƙa mini gafararsa. Alkawarina yana nan, in rajista ta fito zan zo, ko da daga nesa zan gaishe shi. Ciwon ciki yana ɗan taɓa ni, amma da sauƙi."

Gaji ba ta jira aka ninke wasiƙar ba. Ta zagayo bayan zana ta tsaya a kan wanta.

"Hamma, ka ji ko ba ka ji ba?"

"Igiya nake tufka."

"Igiyar nan ta isa ta je Sudan ta dawo. Yaron nan ni na goya shi, na san yadda yake cin abu a rai. Shekara goma sha takwas yana ɗauke da karsana biyu a ka, kai kuma kana nan kana daɓe ɗakin harawa."

"Gaji, rage murya."

"Na rage. Kunyar da aka bar mana gado, an ce mu yi ta ne don girma, ba don mu kashe 'ya'yanmu da ita ba."

Ta juya ta shige gida. Tukur ya zauna har inuwa ta bar wurin bai sani ba. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har ranar da matarsa Hure ta rasu. Shi a ganinsa ya yi abin da kowane uba na kirki zai yi, ashe can an karanta shi a matsayin hukunci.

Washegari da hantsi ya je gidan Malam Inuwa. Suka gaisa, suka taɓa zancen zafi da tsadar gero. Can Tukur ya dubi babban yatsansa kamar yau ya fara ganinsa.

"Malam, wannan tawadar taku, tana fita da sabulu?"

"Tana fita, Baffa."

"To."

Malam Inuwa mutum ne mai hankali. Ya jawo sabon fom, ya rubuta Tukur a layin farko, ya buɗe gwangwanin tawada. Yatsan ya fito sarai, kowane zane a wurinsa. Da aka sake zama a gindin tsamiya babu wanda ya yi tsegumi, tunda Kawu ya tafi, Tukur ne babba a dangi.

"Bari in rubuta masa yau," in ji Malam Inuwa bayan an watse. "In ce ka sa hannu."

"A'a."

"Baffa, layi biyu ne kawai."

"Wancan karon ka yi gaggawa, ka ga abin da ta haifa. In Ikko ta sake maido takardar fa? Kuma baki ya sha gaya masa, bai yarda ba. Bari ta fito da jan hatiminta, ka aika masa ita kanta, ya gani da idonsa."

Maganar tana da kan gado, shi ya sa Malam Inuwa ya bi ta, Gaji ma ta haƙura. Amma a ƙarƙashinta akwai wani abu da Tukur bai faɗa ba. Wasiƙa mai cewa "Baffa ya sa hannu" saƙo ne daga uba zuwa ɗa, ko da wani ne ya riƙe alƙalami. Satifiket kuwa maganar hukuma ce, shi babu ruwansa. Ya sami hanyar da zai ce na yafe ba tare da ya buɗe baki ba, kuma ya ji daɗin dabararsa.

Daminar 1973 ta zo kamar ba ta zo ba. Aka yi shuka sau uku, sau uku rana tana ƙone ta. Kafin watan da ake sa ran tumu, masu shanu na Gafasa da Balan da Kademi suka fara ɗaure kaya suna yin kudu, inda aka ce akwai sauran ciyawa. 'Yan uwa suka zo suka ce wa Tukur ya taso. A da shi ne mai jan gaba a irin wannan tafiya, ya san kowane mashaya daga nan har ƙasar Ningi. Ya je ya tambayi Malam Inuwa ko Ikko za ta iya sake neman yatsa. Malam ya ce ba ya rantsuwa a kan Ikko, komai tana iya nema, kuma in aka nemi na farko aka rasa, sai a sake komawa baya. Tukur ya dawo ya ce wa 'yan uwa gwiwarsa ce ke ciwo. Ya ba su rabin garken su tafi da shi, sauran da ba za su iya doguwar tafiya ba ya riƙe.

Waɗanda ya riƙe ɗin suka mutu a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Ya sassaɓe musu ganyen gawo, ya yaye rufin ɗakin harawa ya ba su, ya bi mata da jaki zuwa rijiya mai nisa, duk bai hana ba. Mahauta suka riƙa zuwa suna taya fata, don naman babu abin tayawa a jiki. Akwai wata fara mai lanƙwasasshen ƙaho, jikanyar uwar karsanan nan biyu, ita ta ƙarshe. Ranar da ta kwanta ta kasa tashi, Tukur ya zauna kusa da ita yana kore mata ƙuda har ta cika, sannan ya je ya yi alwala.

Duk da haka, kowace ranar kasuwar Gaya sai ya saɓa sanda ya tafi, wai zai sayo kanwa. Mutumin da ba shi da ko ɗan maraƙi a turke, me zai yi da kanwa, babu wanda ya tambaye shi. Hanyar masu kanwa kuma ba ta bi ta gidan waya ba, amma tasa kullum ta nan take bi. Yakan tsaya a bakin taga ya gaishe da akawun, ya tambaye shi iyali. Akawun ya gane shi, tun daga nesa yake girgiza masa kai, sai Tukur ya ce ai gaisuwa ce kawai ta kawo shi.

Sai bayan babbar salla, a farkon 1974, satifiket ya iso. Takarda ce mai kauri, da jan hatimi kamar faifai ƙarami a gindinta. Malam Inuwa ya ɗaga ta a gindin tsamiya, ya karanta sunan ƙungiya, sannan sunayen amintattu, na Tukur a farko. Mata suka yi guɗa a cikin gidaje. A ranar Malam ya koma Gaya aka buga kwafi, ya manna kan sarki ya jefa zuwa Sudan. Tukur kuwa ya nemo ciyawa inda ya nemo, ya sake rufe ɗakin harawa, ya sa aka ɗinka sabuwar tabarma. Ya riƙa lissafin hanya a ransa: kwana kaza wasiƙa ta isa, kwana kaza mota ta kai Fallomi ta ƙasar Cadi, daga can Yerwa, daga Yerwa gida. Har ya shirya inda zai kasance ranar isowar. Zai tafi gona, ya dawo da la'asar, in an durƙusa an gaishe shi ya ce, "An zo lafiya?" ya wuce. Ya san wannan karon yaron zai gane.

Bayan mako bakwai amsa ta zo. Tukur ya zauna a bayan zana da igiyarsa. Ya ji ƙarar yage ambulan, ya ji Malam Inuwa ya yi bisimilla, sai shiru. 

"Malam, karanta mana," in ji Gaji.

"Goggo, wannan ba rubutunsa ba ne."

Shugaban takarin garin ne ya rubuto. Ciwon cikin ya tsananta bayan azumi, Abdulsalam ya rasu, an binne shi a can. Kwafin satifiket ya iso kwana goma sha ɗaya bayan jana'iza. Ya ce marigayin duk Juma'a sai ya aika gidan waya a duba masa, har lokacin da ba ya iya tashi. Ya riga ya cika takardun banki da sunansa a madadin jama'a, lambar rajista kaɗai ake jira, yanzu an sa, an tura. A akwatinsa an sami farin rawani da ya ce na ubansa ne, za a ba mai zuwa ya kawo. Wasiyyarsa guda ce, a roƙa masa Baffa ya yafe masa.

Gaji ta yi salati, kukanta ya tara mata. Tukur ya ci gaba da murza igiyar a cinyarsa, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Kwana uku ana zaman makoki, Gaji ake yi wa ta'aziyya, ita ce uwa a idon gari. Shi kuwa sai a tsaya a ce, "Baffa, ya haƙuri?" ya ce, "Da godiya," a wuce, don ba a so a ba shi kunya. Babu wanda ya ga hawayensa. Abin da ke cinsa shi ne layi biyun nan da Malam Inuwa ya roƙe shi ya rubuta, wata tara kafin rasuwar.

Bayan sati uku banki ya aiko daga Kano cewa saƙo ya iso, amintaccen farko ya zo da sakatare. Tukur da Malam Inuwa, wanda shi ne sakataren, suka shiga motar kasuwa. Tukur bai taɓa shiga banki ba. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, sai da mai gadi ya ce ya mayar. Aka kai su gaban wani akawu mai fara'a, Bakano, da alƙalami a bayan kunne. Ya duba satifiket, ya duba fuskar Tukur, ya jawo doguwar takarda ya fara tambayoyi. Sunan ƙungiya, gari, abin da za a yi da saƙon.

"Sunan wanda ya aiko?"

Malam Inuwa ya buɗe baki zai amsa, akawun ya ɗaga masa hannu.

"Yi haƙuri, Malam. Saƙon waje ne, ƙa'idarmu shi mai layin farko zai faɗa da bakinsa, in ga ya yi daidai da abin da ke nan. Baba, wa ya aiko?"

Malam Inuwa ya sunkuya zai yi wa akawun bayani a kunne. Tukur ya dafa masa gwiwa, ya hana shi. Ya dubi teburin akawun, ya dubi yatsansa. Shekara arba'in da ɗaya sunan yana bakinsa, tun ranar da liman ya raɗa shi, bai taɓa fitowa ba. Ya motsa leɓe, abin da ya fito bai kai kunnen kowa ba.

"Ɗaga murya kaɗan, Baba, fanka na ƙara."

"Abdulsalam."

Akawun ya bi takardarsa da bakin alƙalami. "Abdulsalam wa?"

"Abdulsalam Tukur."

"Daidai. Au, sunanku ɗaya. Mene ne shi a wurinka?"

"Ɗana ne," in ji Tukur. Ya ɗan tsaya. "Na fari."

"Ma sha Allah. Baba, ka haifi ɗa. Wasu in sun tafi ko wasiƙa ba a gani." Ya tura masa tawada, ya nuna masa wurin da zai dangwala. "In za ka rubuta masa, ka ce har mu nan muna gaishe shi. Ka sa masa albarka da kyau."

Malam Inuwa ya kau da kai ya dubi bango. Tukur ya danna yatsa a tawada, ya danna a takarda, ya riƙe fiye da yadda ake bukata, har akawun ya ce ya isa haka.

"Na sa masa," ya ce. "Tun da daɗewa na sa masa."

Akawun ya buga hatimi, ya miƙo ɗan ƙyalle a goge hannu, ya kira na gaba. Tukur bai karɓi ƙyallen ba. Suka fito titi, rana ta take. Sun kusa tashar motar Gaya Tukur ya tsaya.

"Malam, masu haƙar rijiyar nan, in sun gama ana rubutu a bakin simintin?"

"Ana yi, Baffa, kafin ya bushe. Sunan ƙungiya da shekara."

"A bar ƙungiya. A rubuta Abdulsalam." Ya ɗaga sandarsa ya ci gaba da tafiya. "Ka zo ka nuna mini wurin, in san inda yake."